Uwar Kaset da Aka Kai Tsafe

Alhaji Hashimu mai hatsi ya ɓata mini suna a Gusau shekara guda cur, a kan abin da ya aikata da hannunsa. Ya bi rumfa-rumfa a kasuwa yana cewa Mande mai bidiyo ba ya riƙe sirri, wai na shiga gidansa na ɗauko asirinsa na kai wa surukansa. Ƙarya yake yi. Ni na rufe, shi ya buɗe. Shi ya fara kiran sunana, shi ya sa nake kiran nasa. Sauran gidajen da na yi wa aiki kuwa, ba za ku ji sunansu a bakina ba.

Ku yaran yanzu da kuke ɗaga waya sama a wurin biki kuna cewa kun yi ɗauka, ku zauna ku ji. Ni daga aji biyu na sakandare na bar makaranta, na yi gyaran rediyo, sannan na shiga hannun Malam Bawa mai hoto. Wata shida bai bar ni na taɓa kyamara mai aiki ba. Wata matacciya yake ɗora mini a kafaɗa, ya aza kofin ruwa a kanta, ya ce in zagaya shago. In ruwa ya zuba, a sake. Kyamarar lokacin nauyinta ya kai na ɗan akuya, kaset ɗinta ya kai girman littafi, ga batir biyu a ɗaure a ƙugu. Ka wuni da ita a kafaɗa, ido ɗaya a rufe, kana tafiya da baya cikin taro, kuma hoto bai yi rawa ba. Wannan shi ne aji ɗaya.

Aji biyu shi ne yanka, kuma nan aikin yake. Bidiyo biyu ake haɗawa da waya, ɗaya na kunna abin da ka ɗauko, ɗaya na kwafa. Babban yatsanka na kan maɓalli: ka saki inda kake so, ka danne inda ba ka so. Kaset ɗin da ya fito daga kyamara shi muke kira uwa, wanda aka yanke aka gyara shi ne 'ya. Kullum uwa ta fi 'ya hoto mai kyau, don duk abin da aka kwafa sai ya ɗan dusashe. Amma uwa ba ta barin shago. Malam Bawa ya ce mini, "Abin da sunka yi na cikin uwa. Abin da suke son a ce sun yi, shi ake sa wa cikin 'ya. Ran da ka haɗa su, ka tashi daga aiki."

Da aka ba mu jiha a casa'in da shida, Gusau ta cika da sababbin ma'aikata da sababbin masu kuɗi, kowa na son a gan shi a talabijin ɗin falonsa. Na buɗe nawa shagon. Kai, an yi aiki! Juma'a ina Bungudu, Asabar ina Tsafe, Lahadi biki biyu a cikin gari, babur ɗina ba ya hucewa.

Akwai wani kai lefe da na ɗauka, akwati bakwai reras a tsakar gida. Uwar ango ta ja ni gefe ta ce, "Malam Mande, daga sama za ka ɗauka, kada ka sa ido cikin na ƙasa." Uku na ƙasan barguna ne, an shimfiɗa turmi biyu-biyu a kai. Na ɗauka daga sama. Har yau dangin na cewa ba a taɓa lefe irinsa ba. A wani suna a 'Yankuzo, mai jego ta sha sarƙar zinari har ƙirji, mai sarƙar kuwa tana tsaye taku biyu daga gefenta, ba ta ko ƙifta ido, da na sauke kyamara ta miƙa hannu. Na ɗauki wa da ƙani da suka shekara biyar ba sa gaisawa saboda gona, na yanke na haɗa har suka fito kamar suna yi wa juna murmushi. To wannan ita ce sana'ar. Ana barinka ka shiga har tsakar gida, inda baƙon namiji ba ya shiga, don an yarda idonka na gani bakinka ba ya faɗa. Ban da wannan yarda, kyamara ƙarfe ce kawai.

Ina da wata dabara tawa. Kyamara na da 'yar jar fitila a gaba da ke kamawa in ana ɗauka. Da mutane sun gan ta sai su sandare, tsofaffi su daina taunar goro, mata su ja mayafi. Sai na liƙe ta da baƙin salatif. Ba wanda ke sanin ina ɗauka ko ba na ɗauka, shi ya sa mutanen cikin kaset ɗina suke da rai. Ku riƙe wannan, don shi kaɗai ne laifina.

Bayan kaka a casa'in da bakwai Alhaji Hashimu ya aurar da babban ɗansa. Amarya 'yar Malam Aƙilu ce, tsohon alƙali a Tsafe, gidan da ake duba asali. Alhaji kuwa kowa ya san shi da ɗan wani malami na Bungudu da ya rasu, sunan malamin yake amsawa. An ɗaura aure a Tsafe, washegari aka yi wuni a gidan Alhaji na Bungudu. Malam Aƙilu bai zo ba, uban amarya ba ya zuwa, sai ƙannensa. Shi ya sa Alhaji ya ce mini, "Kaset ɗin nan na surukina ne. Ina son ya ga komai."

Na ɗauki motoci, na ɗauki shanun da aka yanka, na ɗauki Alhaji cikin babbar riga mai aiki har ciki. An ɗauko wasu samari masu ganga daga Gusau, suna ta bugu ba daɗi, jama'a na hira abinsu. Can bayan azahar sai ga wani tsoho ya fito ta ƙofar baya, dogo, siriri, rigarsa ta koɗe, takalmin taya a ƙafa. Ya nufi babban cikin samarin kai tsaye.

"Ɗan nan, kashe ta kakai. Ba ni nan."

Yaron ya yi dariya ya miƙa masa, a zatonsa abin wasa ya samu. Tsohon ya durƙusa, ya ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne, ya rataya. Sai ya buga.

Jama'a, na ɗauki makaɗa da yawa, ban taɓa jin irin wannan ba! Bugu uku ya yi wurin ya yi tsit. Kiɗan noma ne, irin wanda ake yi wa gayya. Manoman da suka zo daga wajen Nahuce, suna zaune can baya a ƙasa, suka zabura kamar an watsa musu wuta. Wani dattijo ya jefar da sandarsa ya duƙa yana kaftu da hannu wofi. Wani ya yi kururuwa, "Nomau! Nomau na nan da rai!" Mata suka ɓarke da guɗa daga cikin gida. Ƙannen alƙali, da rawunansu da komai, na ga kafaɗunsu na motsi. Ni kuwa na durƙusa, na miƙe, na zagaya, na shiga har ƙarƙashin gangar. Hannunsa, jijiyar wuyansa, ƙura na tashi, rana na bayansa. Gumi ya cika mini ido ban share ba. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, waɗannan mintoci goma su ne abin da na fi iyawa.

Wani ƙanin amarya ya tambayi Alhaji wane ne. Na ji da kunnena ya ce, "Wani tsohon ƙauye ne, yakan zo cin tuwo." Ya yi wa direbansa ido, direban ya kama hannun tsohon ya yi bayan gida da shi.

Na bi su, don ina son fuskarsa kusa. Na same shi zaune a gindin rumbu yana haki yana dariya. Kafaɗata ta gaji, sai na kifa wani turmi na aza kyamarar a kai, na saita ta a kansa. Ya ce, "Wanga abu shina ganina?" Na ce yana gani. Ya gyara hula. Sai ga Alhaji ya shigo da sauri, ya dubi kyamarar, bai ga ja ba, ya ce mini, "Ba mu wuri." Na fita na sha ruwa. Wallahi ni ma na manta tana tafiya.

Sai kwana biyu bayan nan, ina yanka a shago, na ga abin da kyamarar kan turmi ta ɗauka: Alhaji tsaye a kan tsohon.

"Baba, mi na ce maka? Ban ce ka zauna ɗaki ba?"

"Anaruwa, ɓata gangar sukai. Ban iya ji."

"Kada ka ƙara kirana da wanga suna nan. Mutanen Tsafe na waje. Malam sunka sani ubana."

"Malam kawunka ne, ya riƙe ka, Allah ya jiƙan shi, ya kyauta. Amma ni na haihe ka. Da kiɗan ga na auri uwarka. Jikana na aure, in zauna ɗaki awa mai jego?"

"Mota za ta maishe ka gida yanzu."

Tsohon ya dubi hannuwansa. Ya ce, "To. A ba ni tuwo tukuna."

Na danne maɓalli. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya roƙe ni. Na yanke wurin tas, na haɗa ƙarshen kiɗan da fitowar ango, ko ɗinkin ba a gani. A bayan uwar na rubuta da jan biro: KADA A BAYAR.

Alhaji ya zo karɓa da abokansa biyu, 'yan kasuwa. Na miƙa masa 'yar. Ya hango ɗayan a kan kantar shago.

"Wancan fa?"

"Uwa ce, Alhaji. Wajena take zama, ƙa'idar aiki ce."

"Sa mini su duka biyu in gani."

Na sa masa farkon kowanne, inda motoci ke isowa. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashi.

"Kun gani? A wannan har zaren wuyan rigata ana gani. A wancan kamar ina cikin hayaƙi. Wato mai kyan ka ɓoye wa kanka!"

Abokan suka yi dariya, ɗaya ya ce haka masu bidiyo suke yi duka. Na ce, "Alhaji, uwa ba a gyara ta ba. Akwai abin da ba za ka so a gani ba. Mu ɗan fita waje in gaya maka."

"Faɗi nan. Ba ni da abin ɓoyo gaban waɗannan."

To ku gaya mini, in faɗa? Na ce ya zauna shi kaɗai ya kalle ta har ƙarshe kafin ya ba kowa. Ya ce awa uku, shi da motar gero ke jira? Ya sa duka biyu a aljihun babbar riga ya fita.

Washegari da hantsi na je rumfarsa don in same shi shi kaɗai. Aka ce ya tafi ƙauye sayen hatsi. Kaset fa? Ai direba ya tafi da shi Tsafe tun da safe, mai jan rubutun, Alhaji ya ce shi ya fi kyau, shi ya dace da alƙali.

Ban ko rufe shago ba. Na hau babur na kama hanyar Tsafe, na murɗa har ƙarshe. Na wuce motocin haya, na wuce motar shanu, hulata ta tashi ban tsaya ba. Ina ta lissafi a raina: sai sun nemo man janareto, sai sun tara mutane, kiɗan yana wajen awa biyu da farawa. Zan cim musu! Tun daga bakin layi na jiyo janareto na ruri. Da na yi sallama a zaure kuwa, abin da ya amsa mini gangar Nomau ce.

Zauren a cike. Malam Aƙilu na kan buzu da carbi, ƙannensa da 'ya'yansa a kewaye, mata sun cika ƙofar ciki. Na durƙusa na gaishe shi, ina haki, na yi ƙaryar da ta zo bakina.

"Allah gafarta Malam, ni ne mai ɗaukar. Kaset ɗin nan na da ciwo, zai cinye muku bidiyo. A kashe in gyara."

Bai ko waiwayo ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Bari wanga tsoho ya gama. Rabona da jin kiɗan ga tun ina yaro."

Tsoho ya gama. Hoto ya yi tsalle, sai ga gindin rumbu. Na dubi wayar wuta, tana bayan mutum shida. Na sunkuyar da kai.

Aka kai har wurin da tsohon ya nemi tuwo. Malam ya ce a mayar baya. Aka mayar, ya sake ji. Sannan ya dube ni.

"Wane ne shi?"

"Malam, ni ɗauka nake, ba na tambaya."

"Ka kyauta," in ji shi. "Kunnena ya isa."

Kowa ya zaci auren ya mutu. Bai mutu ba. Ran Alhamis Malam Aƙilu ya sa aka cika mota da ƙannensa, da ƙwaryar goro da farar riga, suka tafi har ƙauyen tsohon da ke bayan Nahuce. A gaban mutanen ƙauye ya zauna a tabarmar Nomau ya ce ya zo gaida kakan mijin ɗiyarsa, a yi masa gafara da bai zo da wuri ba, ba a gaya masa ba ne. Bai aika wa Alhaji ko kalma ɗaya ba. Kafin sati labari ya zagaye Bungudu ya shigo kasuwar Gusau.

Alhaji ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma an ga babur ɗina a ƙofar alƙali ran nan. Shi ke nan. Ya ce ni na kai. Abokan nan biyu da suka ga ya sa kaset a aljihu, da ya raina musu hankali su ma, suka yi gum, don hatsinsa suke saye.

Aikin farko da ya kuɓuce mini na wata Hajiya ce da na yi wa bikin 'ya'ya uku. Ta aiko a ce mini an ɗage biki. Ran Asabar na wuce na ga wani yana ɗauka, kyamara na rawa a kafaɗarsa kamar mai zazzaɓi. Daga nan sai ɗaya bayan ɗaya. Mata su ne kasuwarmu, kuma kowace ta tuna abin da na gani a tsakar gidanta. Har wadda na rufa wa asirin barguna ta aiko a karɓo mata uwar kaset ɗinta. Na koma gyaran rediyo a bakin tasha. Damina ta zo, kaset-kaset ɗina suka fara fumfuna, duk Juma'a sai in fito da kyamara in ɗauki awakin gidanmu don kada kanta ya cije. Mutane na zuwa da rediyon da ba abin da ya same shi, su zauna su ce, "Mande, wai mi ke cikin kaset ɗin ne sosai?" Ba wanda na gaya wa. Shirun ma aka ce na marar gaskiya ne.

Bayan shekara amarya ta haihu, haihuwar fari, a gidansu. Sai ga saƙo daga Malam Aƙilu: ni yake so in ɗauki sunan. Na wanke kan kyamara da auduga, na cika batir biyu, tun da sassafe ina Tsafe.

An shimfiɗa darduma a ƙofar gida. Nomau na zaune a daman alƙali cikin farar riga, manyan gari na zuwa suna ba shi hannu. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka fara rabon goro. Sai ga motar Alhaji Hashimu, da mutanensa a baya, har da abokan nan biyu. Ya tsaya ya ga inda aka zaunar da tsohon, ya ga yadda ake durƙusa masa. Ya gyara babbar riga. Ya waiwaya ya gan ni, kamar jiya muka rabu lafiya.

"Mande! Yauwa. Matso da kyamara nan, ka ɗauke ni ina gaida Baba. Ka ɗauka da kyau."

Na matso. Na saita ta a fuskarsa, na danna, na buɗe ɗaya idon na dube shi. Ban ɗaga murya ba, amma wurin ya yi shirun da kowa ya ji.

Na ce, "Tana tafiya, Alhaji. Na ce maka kada ka ɗauki uwar, gaban waɗannan biyun, ga su nan tsaye. Na rubuta maka da ja. Kai ka sa ta a aljihu, kai ka ba direba, don zaren wuyan rigarka ya fito. Ni na yi gudu har Tsafe in tare maka, ka saka mini da shekara guda a bakin tasha. Yanzu kana son a gan ka kana gaida shi. To durƙusa, ga ubanka nan. Amma ka sani, wannan karon ba zan yanke komai ba."